Wai ruwan Kamaru ne yake cinye mana gonaki a Jigawa? Mu bi kogin tun daga dutse har teku

Wai da gaske ne duk shekarar da ruwa ya ci mu a nan ƙasar Ringim da Taura da Miga da Auyo har zuwa Haɗeja, Kamaru ce ta buɗe dam ɗinta ta sako mana? Wannan magana na ji ta ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, a majalisar ƙofar gida, a tasha, a teburin mai shayi, balle a guruf ɗin WhatsApp inda wani zai turo saƙon murya yana rantse-rantse wai jama'a a tashi a kwashe kaya Kamaru ta saki ruwa nan da kwana uku yana Jigawa, kafin la'asar saƙon ya zaga ƙauye goma, mata sun fara ƙulle kwanuka a zani, wani ya ja akuyarsa kasuwa ya karyar.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, daminar 2022 ce. Muna kan jinga da daddare muna cika buhuna da ƙasa, kowa da fitilar waya, ruwa ya riga ya shiga shinkafar da ta fara fitar da kai, kawuna ya dafa kafaɗata yana haki ya ce "ɗan nan, kai da ka yi boko faɗa min, me muka tare wa mutanen Kamaru ne da duk shekara sai sun jiƙa mu?" Na ce "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, wannan ruwan da kake gani ko cokali ɗaya babu na Kamaru a ciki, namu ne na gida." Ya dube ni ya ci gaba da ɗaure bakin buhu, ya ce ai shi a rediyo ya ji. Kuma bai yi ƙarya ba, a rediyo ya ji, sai dai labarin da ya ji na wasu mutane ne da ke bakin wani kogi daban. Abin da nake so mu warware kenan, don wallahi abin yana ci min rai, mutum ya rasa noman shekara guda sannan a bar shi bai ma san ta ina abin ya ɓullo masa ba.

Ruwa ba ya hawa tudu

Ka dubi rufin kwano mai doro a tsakiya. In ana ruwan sama ɗigon da ya faɗa ta wannan gefe tsakar gida zai gangara, wanda ya faɗa ta ɗaya gefen kuma lungun bayan gida zai bi, a saman rufin tazararsu ba ta wuce tafin hannu ba amma shi kenan sun rabu ba za su sake gamuwa ba. To ita ma ƙasa haka Allah ya yi ta, akwai doro akwai gangare. Duk faɗin ƙasar da ruwanta yake tararowa ya haɗu a kogi ɗaya shi ake kira kwarin wannan kogin, ni dai na fi gane shi in na ɗauke shi kamar ƙwarya, duk abin da ka zuba a cikinta gindinta zai nufa, ba zai tsallaka baki ya faɗa ƙwaryar maƙwabciya ba.

A Najeriya manyan ƙoren guda biyu ne, in ka cire ƙananan kogunan kudu da suke faɗawa teku kai tsaye. Ta farko ita ce ta kogin Kwara, wanda a makaranta ake ce masa Neja, da ƙaninsa Binuwai, wannan gindinta tekun Atlantika ne. Ta biyu ita ce ta tafkin Chadi, wannan kuwa ba ta da ƙofar fita zuwa teku ko kaɗan. Kano da Jigawa da Yobe da arewacin Bauchi da mafi yawan Borno duk a ƙwarya ta biyu muke. Dam ɗin Lagdo na Kamaru da ake ta magana kuma yana cikin ta farko.

Ko ba ka yarda da taswira ba lissafin tsayi ma ya isa. Birnin Kano ya haura mita 450 sama da fuskar teku, Haɗeja ta haura mita 300, tafkin Chadi yana wajen mita 280. Shi kuwa Binuwai a inda ya ratsa Yola ko mita 200 bai kai ba, kuma gaba gangarawa yake yi. Kenan kafin ruwan nan ya zo Ringim sai ya juya baya ya hau tudu sama da mita ɗari, ya tsallake tuddan Gombe da Bauchi, alhali ko ruwan alwala ka zubar a ƙofar masallaci ka san inda yake nufa.

Tsaunukan Jos, inda ake rabon

Babban doron rufin arewa shi ne tsaunukan Jos, inda duwatsun Shere suka haura mita 1,800. Daga nan koguna suke watsuwa kowa ya kama gabansa. Kogin Kaduna ya yi yamma, ya ratsa garin Kaduna, ya cika dam ɗin Shiroro, ya je ya faɗa Kwara a ƙasar Nufawa daura da Pategi. Gongola kuma ya tashi kamar Chadi za shi, ya yi arewa maso gabas har wajen Nafaɗa, sai ya yi kwana ya dawo kudu ta Daɗin Kowa da Kiri ya faɗa Binuwai a Numan. Waɗannan biyun ruwansu yana ganin teku. Amma kogin Dilimi da ya ratsa cikin garin Jos shi namu ne, shi ne yake gangarowa ya shiga kogin Jama'are. Shi ma kogin Kano daga gindin waɗannan tsaunuka ta arewa yake tasowa, wajen duwatsun Riruwai a ƙasar Doguwa.

Abin da yake burge ni kullum in na tuna, hadari ɗaya zai taso ya zubar a Zariya ya zubar a Tudun Wada ta Kano a dare ɗaya, tafiyar da mota za ta yi ba tare da ta sha mai na kirki ba, amma na Zariya ya bi Galma ya shiga kogin Kaduna ya shiga Kwara har ya je ya gauraya da ruwan gishiri, na Tudun Wada kuma ya gangara Tiga ya biyo ta ƙofar gidajenmu. Ikon Allah kenan.

Hanyar da ruwan Lagdo yake bi

Binuwai daga tsaunukan Adamawa na arewacin Kamaru yake tasowa, tsawonsa wajen kilomita 1,400. An datse shi a Lagdo, aikin da aka fara a 1977 aka gama a 1982, don wutar lantarki da noman rani. In dam ɗin ya cika da damina dole a rage masa, in ba haka ba ya fashe a yi asarar da ta fi. Ruwan da aka saki yana wucewa ta Garwa, ya tsallako iyaka ya shigo jihar Adamawa, ya bi ta Yola da Numan, ya ratsa Taraba ta Ibi, ya wuce Makurɗi, ya je Lakwaja ya gamu da Kwara. A hanya yana karɓar wasu manyan koguna irin su Faro da Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala, dama an ce kogi bai ƙi yayyafi ba, balle waɗannan da ba yayyafi ba ne. Tun lokacin da aka gina Lagdo ake maganar Najeriya za ta gina nata dam ɗin a Dasin Hausa cikin ƙasar Fufore don ya riƙa tare ruwan, har yau ba a gina ba.

Mutanen da ke bakin wannan hanya su ne in an ce an buɗe Lagdo hankalinsu yake tashi kuma da gaskiyarsu. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a ƙasar nan ta raba sama da miliyan 2 da muhallinsu, a 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600, Allah ya jiƙansu. A watan Satumba na 2024 da hukumar NIHSA mai lura da yanayin koguna ta yi shelar za a fara sakin ruwan Lagdo, jihohi 11 ta lissafa: Adamawa, Taraba, Binuwai, Nasarawa, Kogi, Edo, Delta, Anambra, Bayelsa, Kuros Riba da Ribas. Ka sake karantawa, babu Jigawa babu Kano babu Yobe. Kuma ko a can ɗin ma ba Lagdo kaɗai ba ne, a 2022 ministan ruwa na lokacin Injiniya Suleiman Adamu, wanda ɗan Jigawa ne ma, ya fito ya ce mafi yawan ruwan da ya yi ɓarnar nan ruwan sama ne da ya sauka a cikin Najeriya kogunanmu suka tattaro.

Kwara, mai doguwar tafiya

Tunda mun zo Lakwaja bari mu koma baya mu ɗauko babban yayan, don shi ne kogin da ya cika sunan daga dutse zuwa teku. Tsawonsa wajen kilomita 4,180, a Afirka Nilu da Kwango ne kaɗai suka fi shi. Yana tasowa daga tsaunukan ƙasar Gini kusa da iyakar Saliyo, kuma daga tushen nasa zuwa bakin teku bai wuce kilomita 240 ba, amma da yake doron ƙasa ya tare shi ta wancan gefen sai ya ba teku baya ya nufi hamada. Ya shiga Mali ta Bamako da Segu da Mopti, a nan ya tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya baje ya zama wata makekiyar fadama mai tafkuna da ƙoramu, masunta da makiyaya da manoman shinkafa duk a kanta suke ci, rana kuma ta shanye kaso mai yawa na ruwan. Ya wuce kusa da Timbuktu, ya yi wata babbar kwana ya juyo kudu maso gabas ta Gao, ya shiga Nijar ya ratsa Yamai, ya bi iyakar Nijar da Benin ta wajen Gaya, sannan ya shigo Najeriya ta jihar Kebbi.

A nan gulbin Sakkwato yake kawo masa nasa, wato ruwan Rima da na Zamfara da wani sashe na Katsina wanda ya biyo ta Argungu da Birnin Kebbi. Sai Yawuri, sai dam ɗin Kainji da aka gama a 1968 wanda tafkinsa ya shanye tsohon garin Bussa aka tashi mutane zuwa sabon gari, sai dam ɗin Jebba, sai mahaɗarsa da kogin Kaduna, sai Baro, sai Lakwaja. Wani abu game da Kainji, cikowa biyu ake lissafa masa a shekara. Akwai farin ruwa mai laka wanda daminar nan kusa take kawowa wajen Agusta zuwa Oktoba, akwai kuma baƙin ruwa wanda yake isowa cikin sanyin hunturu, shi wannan ruwan daminar Gini ne da ya tsaya a fadamar Mali ya ajiye lakarsa ya yi watanni a hanya. Ka ga kenan ruwan wata ƙasa yana iya zuwa maka daga nesa ƙwarai, amma fa sai in kana kan hanyarsa.

Daga Lakwaja su biyun sun zama ɗaya, suka gangara kudu ta Idah, suka ratsa tsakanin Anaca da Asaba, can gaba da Aboh kogin ya rabu biyu, Forcados da Nun, daga nan kuma ya yi ta rarrabuwa ƙorama-ƙorama cikin dazukan ruwa na Delta da Bayelsa da Ribas har ya zube a teku. Abin da ake kira Neja Delta kenan. Shi ya sa su mutanen Bayelsa tasu ambaliyar sai wajen Oktoba take tsananta, lokacin mu nan mun fara maganar girbi, su ne a gindin ƙwarya duk abin da aka zubo daga sama a kansu yake ƙarewa.

Kuma rikicewa a kan inda kogi ya nufa ba yau aka fara ba. Turawa sun daɗe suna gardama a kan Kwara, wasu su ce Nilu yake zubawa wasu su ce a wani tafki a tsakiyar ƙasa yake ƙarewa. Mungo Park ya bi shi har ya halaka a Bussa a 1806 bai ga ƙarshensa ba, sai a 1830 wasu 'yan'uwa biyu masu suna Lander suka bi shi a kwalekwale har teku. Don haka ni ban ga laifin Kawu ba da ya haɗa kogi da kogi, ba wanda ya taɓa shimfiɗa masa taswira.

Namu kogin ba ya ganin teku

Yanzu mu dawo gida. Kogin Kano ya taso daga wajen Riruwai ya ratsa dajin Falgore ya faɗa dam ɗin Tiga, wanda aka gama a 1974 zamanin gwamna Audu Bako, shi ne yake shayar da noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Ta yamma kuma kogin Challawa ya taho, shi ma an datse shi a ƙasar Ƙaraye a 1992. Su biyun suna haɗuwa kudu da birnin Kano kafin a kai Wudil, daga nan ne sunan yake komawa kogin Haɗeja, duk da kowane gari da sunan da yake kiransa, na Wudil ya ce kogin Wudil mu mu ce kogin Ringim.

To daga Wudil ɗin nan labari yake canzawa, kuma nan ne nake so a fi lura. Sama da Wudil ƙasa mai dutse ce a ƙarƙashi kuma akwai gangare, ruwa yana gudu cikin hanyarsa. Daga Wudil zuwa gabas dutse ya nutse, sai yashi da laka, ƙasa ta kwanta kamar faifai, gangaren kaɗan ne ƙwarai. Ga kuma jigayi, tsofaffin tuddan rairayi da iska ta tara tun zamanin da hamada ta taɓa kawowa nan, su ne ma jiharmu ta ci sunansu. Ruwan da ya taho da ƙarfinsa daga tudu sai ya zo ya rasa saurin tafiya, ya ajiye yashin da ya ɗauko, ya fara neman hanya tsakanin jigayi, ya rarrabu. Wani reshe ya bi ta Kafin Hausa, gaba da garin Haɗeja kuma ya kasu zuwa tsohon kogin Haɗeja da Burum Gana da Marma wadda take kai ruwa tafkin Nguru. Wannan bajewar ita ce ta haifar da fadamar Haɗeja da Nguru, inda dajin Baturiya yake, inda tsuntsaye suke tasowa tun daga Turai su zo cin rani. Ita ce arzikinmu, shinkafa da alkama da kifi da ciyawar shanu duk daga nan, kuma ita ce dai take shiga mana ɗaki in ta yi yawa.

Kogin Jama'are kuma ya gangaro ta Bauchi ya gogi kudancin Jigawa ta wajen Gwaram ya wuce ƙasar Katagum, suka haɗu da na Haɗeja kusa da Gashuwa, daga nan sunan ya koma Komadugu Yobe. Ya wuce Gaidam, ya karɓi Komadugu Gana wajen Damasak, ya zama iyaka tsakaninmu da Nijar ta Diffa, ɗan abin da ya rage bayan rana da yashi da gonaki sun sha nasu ya shiga tafkin Chadi ta wajen Bosso da Malam Fatori. Iyakar tafiyar kenan. Tafkin ma ba da ruwanmu ya dogara ba, mafi yawan nasa kogin Shari da Logon ne suke kawowa daga kudu, kuma gaskiya ne Logon yana ɗauko ruwa daga Kamaru, to amma Chadin a ƙasanmu yake, mu muke zuba masa ba shi yake zubo mana ba.

To me yake cin mu?

Na farko dai ruwan sama, wanda ya sauka a kanmu da wanda ya sauka a tuddan Kano ta kudu. In marka ta kama a Agusta ƙasa ta ƙoshi ba ta ƙara shan ko ɗigo, duk abin da ya sauko kogi zai nufa. A daidai wannan lokacin ne kuma Tiga da Challawa suke cika, kuma kowane dam ana gina masa mafitar da in ruwa ya kai wani matsayi zai bi ta nan ya fita ko an so ko ba a so. A lokacin ne shi ma Lagdo yake cika don damina ɗaya ce take dukanmu duka, sai labarai biyu su fito a sati ɗaya, an saki ruwa a Kamaru, ruwa ya ci Auyo, mai sauraro ya ɗaura wannan a kan wancan.

Amma abin da ya fi damuna shi ne hanyar ruwan kanta ta toshe. Ka tambayi duk dattijon da ya haura shekara sittin zai ba ka labarin kafin Tiga, da rani kogin nan ƙafewa yake ƙaf, a taka yashi a ƙetare da jaki, a tona ɗan rami a ɗebi ruwa, da damina kuma ya zo da ƙarfinsa ya share hanyarsa ya baje a fadama ya koma. Da aka yi dam sai aka riƙa sako ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda noman rani da ruwan shan birni, wannan ya amfani jama'a ba ƙarya, amma ruwa mai tafiyar hawainiya wanda ba ya ƙafewa shi ne abin da kacala, doguwar ciyawar nan da take fitowa a cikin ruwa, take so. Da can rani yake kashe ta, yanzu ba mai kashe ta. Na shiga cikinta a kwalekwale da wani masunci ɗan'uwanmu, ta fi tsayin mutum nesa ba kusa ba, ka ɗaga kai sai ɗan siririn sama kake gani, ƙasanta saiwa ce ta sarƙe kamar tabarma ta riƙe laka, in ka kafa gora sai ka ji ta tsaya a wurin da ya ce min da can mutum biyu in sun hau kan juna ba za su taɓo ƙasa ba. Sauro a ciki kamar hayaƙi, jan-baki kuma nan ne ɗakin kwanansu, da safe su tashi kamar hadari su sauka a shinkafar mutane, ga katantanwar da take kawo wa yara tsargiya.

In hanya ta cike da yashi da kacala ruwa ba zai tsaya jiran a buɗe masa ba, gefe zai fasa. Shi ya sa a can ƙasa ruwa ya karkata ya fi bin Marma ya mamaye gonaki da makiyaya a wajen Guri da Nguru, wasu rassan kuma suka koma ba sa samun abin kirki, gari biyu a kogi ɗaya wannan yana kukan ruwa ya yi yawa wancan yana kukan babu. Mu ma da namu hannun a ciki, in za a faɗi gaskiya. An sare itatuwan tudu ƙasa tana zaizayowa cikin kogi, an yi gini a wuraren da iyayenmu suka sani hanyar ruwa ce, kuma kowane ƙauye yana ɗaga jingarsa shi kaɗai, ruwan da ka tare a naka gefen kuwa maƙwabcinka na tsallake ka tura wa.

Kowa da abin da yake kare wa

Dam ɗin nan biyu, Tiga da Challawa, suna hannun hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ta gwamnatin tarayya, wadda aka kafa a 1976. Gardama a kan su ba sabuwa ba ce, an yi babbar ambaliya a 2001, a 2010 ma gwamnatin Jigawa ta fito ta ce buɗe ƙofofin Tiga da Challawa ne ya jawo, hukumar kuma ta ce ruwan sama ne ya yi yawa dam ya cika ya tumbatsa. Masu kula da dam suna da hujjarsu, sun ga yadda na Bagauda ya fashe a 1988, kowa kuma ya ga abin da na Alau ya yi wa Maiduguri a Satumbar 2024, ba mai son a riƙe ruwa har bango ya tsage. Manomin Kura yana so a tara ruwa sosai don tumatir da alkamarsa na rani, birnin Kano yana so famfo ya kawo. Mu na tsakiya muna so a rage dam tun kafin marka a kuma sanar da mu da wuri. Mutanen Gashuwa da Gaidam kuma kukansu ruwan bai isa gare su kamar da, shi ya sa maganar dam ɗin Kafin Zaki a kan kogin Jama'are ta daɗe tana jawo ja-in-ja, Bauchi tana so, na ƙasa a Yobe da Borno suna tsoron a datse musu ɗan wanda ya rage yana zuwa musu da ƙarfinsa.

Ni a ganina duk waɗannan maganganu ne da za a iya zama a yi su, don duk masu ruwa da tsakin suna nan cikin ƙasa ɗaya, wasu ma tafiyar awa biyu ce tsakaninmu. Amma ranar da muka ce Kamaru ce, mun bar jaki muna dukan taiki, ba wanda za a tambaya yaushe za a yashe kogi, nawa aka ware don cire kacala, wa ya kamata ya buga wa mai unguwa waya kafin ruwa ya iso. Na taɓa bin wata takardar koke ta ƙauyenmu zuwa wani ofis a kan a taimaka mana da injin yashe wata ƙorama da ta toshe, amsar da na samu a bakin wani ma'aikaci ita ce ai abin daga ƙasar waje yake sai haƙuri, na fito raina a ɓace don na san ko dai bai sani ba ko kuma ya san mu ne ba mu sani ba.

Ta inda ruwan Lagdo yake taɓa mu

Kada kuma a ce na ce babu ruwanmu da shi sam. Yana taɓa mu, amma ta aljihu. Babbar hanyar da ta haɗa arewa da kudu ta bi ta Koton Ƙarfe da Lakwaja, kuma a 2012 da 2022 ruwa ya hau kan titin nan motoci suka yi kwanaki a tsaye. Tirelar shanun da aka loda a Maigatari, da motar bandar kifin Haɗeja, da ta barkono da albasa, duk a layin suke kwana, dabba ta galabaita kayan gwari su ruɓe, dillali ya dawo ya karya farashi a hannun manomi. Tankar mai da motar manja da goro masu tahowa su ma su maƙale, mai ya yi tsada a lokacin da muke shirin tayar da injin ban ruwa. Ga yaranmu 'yan ci-rani da ke Anaca da Fatakwal da Yenagoa, su kam a bakin hanyar ruwan suke kwana, in an yi shelar Lagdo su ya kamata a kira a ce su kula.

Mu kuma namu idon yamma da kudu zai duba. Hasashen damina da hukumar NiMet mai lura da yanayin sama take fitarwa farkon shekara, da jerin ƙananan hukumomin da NIHSA take cewa suna cikin haɗari, da labarin ko Tiga da Challawa sun kusa cika, da irin ruwan da ake yi a Doguwa da Tudun Wada da Rano da Ƙaraye, waɗannan su ne labaranmu. Ruwan da zai zo Ringim sai ya bi ta ƙarƙashin gadar Wudil tukuna, wanda zai je Auyo da Haɗeja sai ya wuce mu.

Bayan ruwan 2022 ya janye na samu Kawu a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, na share ƙasa na zana masa da tsinke, ga Jos ga Tiga ga Wudil ga mu ga Chadi, can gefe kuma ga Lagdo ga Yola ga Lakwaja ga teku, na tara 'yar ƙasa a tsakani na ce ga doron. Ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa ya bi layinmu tun daga sama har inda na yi alamar ƙauyenmu, ya ce "to ai Wudil ɗin nan 'yar wajena tana aure a can." Tun daga daminar da ta biyo baya, da Agusta ta kama, duk bayan sallar asuba sai ya miƙo min waya ya ce in kira masa ita, mijinta ya leƙa gada ya faɗa mana inda ruwa ya kai a jikin ginshiƙi.